Wifin da Aka Rufe a Langa

Duk wanda ya zauna a Zongon Kwatano ya san iskar teku ba ta da mutunci. Sabon kwado in ka rataya shi a ƙofa, kafin damina ta fita ya yi ja ya ƙi buɗuwa. Ita ta cinye rediyon marigayi mijin Husaina, ta cinye keken ɗinkinta, ta bi har ƙusoshin gadonta tana gaigaya. Saboda haka tsohuwar ta daɗe da kafa wa kanta doka: duk abin da take ji da shi, a naɗe shi a ƙyalle mai tsabta, a sa a langa, a rufe, a ɗora bisa kabad inda ruwan ambaliya ba ya kaiwa. Kuma ba wanda ya isa ya ce mata ba dabara ba ce, don 'yan kunnenta na aure har yau suna ƙyalli.

Husaina 'yar tagwaye ce. Hassana, wadda suka zo duniya tare, aure ya kai ta Libreville ta ƙasar Gabon tun suna da sauran ƙuruciya, kuma sau ɗaya tak ta dawo, lokacin rasuwar mahaifinsu Malam Muhuyi. Suna yara tabarma ɗaya suke kwana, goshi a jikin goshi. Uwarsu takan raba su saboda zafi, ta juya ta dawo ta tarar sun sake haɗewa. Bayan aure sai murya kawai ta rage musu. Da farko kaset suke cikawa da hira su ba fatake su kai, daga baya waya ta zo suka huta. Hoto kuwa Hassana ta ƙi shi ƙememe. Duk sanda Husaina ta roƙa, amsa ɗaya ce: “Hoton me? In kina son ganina ki duba madubi, ai ni ce.”

To, bana ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Hassana, ya ɗauke mata magana gaba ɗaya. Ɗanta Arzika yakan kara mata waya a kunne, Husaina ta yi ta surutu daga nan Zongo, ba abin da ke dawo mata sai numfashi. Abin ya ci mata rai ƙwarai. Rannan Arzika ya ce mata, “Inna Husaina, tana jin ki fa. Idanunta ne ke amsawa. Da za ki ga fuskarta da kin gane.”

Gidan Muhuyi tsohon gini ne mai kaurin bango, layin waya ba ya shiga cikinsa sosai sai an fita bakin titi, ita kuwa Husaina ta rantse ba za ta gana da 'yar'uwarta a gaban 'yan zem ba, wato masu haya da babur da ke hutawa a inuwar katangarta. Shi ya sa jikarta Adawiyya, wadda ke aure a unguwar Houéyiho tana aiki a wani ofishin fitar da kaya a tashar jiragen ruwa, ta sa aka jawo wifi gidan. Ta ajiye akwatinsa a kan tebur a baranda, ta kawo wa kakarta waya mai hoto, ta koya mata inda za ta taɓa. Don kada tsohuwa ta manta lambar shiga, sai ta sa mata abin da ba za ta taɓa mantawa ba, sunan gidan ubanta. A ranar kuwa Hassana tana asibiti, ba a iya kira ba, Adawiyya kuma ta koma bakin aikinta, jiragen kaya suka riƙe ta.

Husaina ta zauna ta zuba wa akwatin ido. Ɗan abu fari, mai ƙahoni biyu da 'yan fitilu kore suna ƙifta ido, kuma wai ta cikinsa fuskar Hassana za ta fito. A bar irin wannan a fili, tsirara, iskar teku tana lasarsa? Ai ko barci ba za ta iya ba. Washegari ta kira Moumouni, telan da ke ɗinki a shagon ƙofar gidanta, ta sa ya naɗe igiyoyin ya kai akwatin ɗakin waje, inda igiyar wifin ta shigo ta taga. Ta kwantar masa da ƙahonin, ta lulluɓe shi da sabon kallabi, ta sa shi a babbar langarta mai zanen furanni, aka ɗora bisa kabad. Murfin bai rufu ruf ba saboda igiya, ya ɗan ɗage ta wajen taga, wannan kaɗai ya dame ta.

Moumouni yana saukowa daga kan kujera ya sosa ƙeya ya ce, “Iya, ko za a taimaka mini da kod ɗin, lambar shigar nan?”

“Kod kuma? Ai sunan gidan nan ne. Je ka sha.”

Haka ta ce, je ka sha, don a wurinta abin bai wuce ruwa ba. Tun zamanin Malam Muhuyi akwai randa a ƙofar gidan da moɗa a kanta, duk mai wucewa ya sha ya yi gaba, kuma har yau Husaina ba ta bari ta bushe. To mutumin da bai hana ruwa ba, zai hana iska? Moumouni ya gaya wa mai shayi, mai shayi ya gaya wa 'yan zem, 'yan zem kuwa bakinsu ba ƙofa. Kafin wani lokaci har matafiyan da ke jiran mota a Jonquet sun san akwai wata katanga a Zongo da in ka jingina da ita waya takan yi gudu.

A cikin gida kuwa abin takaici ne. Arzika ya kira, Husaina ta taɓa inda aka nuna mata, sai wani abu ruwan ƙasa ya bayyana a gilashin wayar, a yanke gunduwa-gunduwa, ya tsaya cak, ya ɓace. Wani lokaci ta ga kamar kunne, wani lokaci kamar gefen matashi. Amma ba ta zargi kowa ba. A lissafinta, fuska ce ta taso tun daga Gabon, ta ƙetare teku ba jirgi ba kwalekwale, ai ba abin mamaki ba ne ta iso a farfashe. Ita isowar ma ita ce abin al'ajabi. Ta kuma ji nauyin ta kai wa Adawiyya ƙorafi, yarinya ta yi ɗawainiya a ce ba a gode ba. Sai ta riƙa leƙa langar tana ƙara gyara kallabin, ko sanyi ne ke shiga.

Wata Juma'a da safe Arzika ya kira Adawiyya kai tsaye. Ya ce an sallamo uwarsa daga asibiti ba don ta warke ba, ta daina karɓar abinci, kuma ba ta cika buɗe ido ba sai wajen bayan sallar Juma'a zuwa la'asar. Ya ce, “Ku yi ƙoƙari yau. Ban ce komai ba, amma ku yi ƙoƙari yau.”

Adawiyya ta bar ofis ta hau zem. Tana shiga gida ta ga tebur wayam, sai faranti da carbi.

“Kaka, ina boks ɗin, akwatin wifin?”

“Yana nan lafiya lau. Na adana miki shi.”

Kalmar adanawar nan ita ta sa gaban Adawiyya ya faɗi, don ta san kakarta. Ta bi igiya har ɗakin waje, ta taka kujera, ta ɗaga murfin langa. Wani hucin zafi ya bugi fuskarta.

“Kaka! Ai dafa shi kika yi!”

“Ke, kiyaye ni. Da na bar shi a inda kika yar da shi, da yanzu ya yi tsatsa.”

Adawiyya ta rasa ko dariya za ta yi ko kuka. Ta sauko da langar ta zauna a gaban tsohuwar. “Kaka, wannan abin kamar fitila yake, sai dai haskensa ido ba ya gani. Ƙarfe yana tare shi, bango yana rage shi. Kin kunna fitila kin kife ta da langa. Ɗan abin da ke fita, ta gefen murfin nan yake fita, shi kuma taga yake kallo. Titi kika haska, kika bar ɗakinki a duhu.”

Husaina ta taɓe baki, don ba ta yarda ba. Adawiyya ba ta ja da ita ba, ta miƙa hannu ta zare igiyar daga jikin bango, 'yan fitilun suka mutu.

Abin da ya biyo baya Husaina ba za ta manta da shi ba har ta koma ga Allah. Tana tsaye a bakin taga, sai ta ga mutanen da ke jere a gindin katangarta, 'yan zem da rigunansu ruwan ɗorawa, mai shayi, wasu mata biyu masu jiran ɗinki, wani baƙo da jakarsa, har da masu shago a tsallaken titi, duk sun ɗago kai lokaci guda, kamar sahu in liman ya yi sallama. Wani ya girgiza wayarsa. Wani ya ɗaga tasa sama. Daga shago muryar Moumouni ta taso: “Kai! Rezo ya tafi, waya ta tsaya! Kuran aka ɗauke, ba wuta?”

Tsigar jikin Husaina ta tashi. Ba igiya tsakanin langarta da mutanen nan, ba bututu, ba komai sai iska, amma an taɓa nan sun ji a can. Ta dubi ɗan farin akwatin da ke kan cinyar jikarta, ta sake duban titi. Ashe duk kwanakin nan wani abu yana fita daga ɗakinta dare da rana, yana ratsa taga yana shiga aljihunan mutane, tana zaune kusa da shi ba ta ji ko motsinsa ba.

“Subhanallahi,” ta ce a hankali. “Adawi, duk waɗannan daga langata suke sha?”

“Duk. Da waɗanda ba ki gani ma. Shi ya sa fuskar Kaka Hassana ba ta samun hanya. Kafin ta iso sun cika ƙofar da kallon ƙwallo da jin waƙoƙi.” Adawiyya ta buɗe wayarta. “Yanzu zan canza kod, in sa mai tsawo wanda ba mai iya cinka, kuma ba za ki gaya wa kowa ba.”

Nan fa aka yi ta. Husaina ta gyara tsayuwa, ta ce ba a gidan Muhuyi ba. Ta ce ubanta ya mutu bai taɓa ce wa mai ƙishi koma ba, ba ita za ta fara ba don wani ɗan akwati. Adawiyya ta ce ba rowa ba ce. Ta ce akwatin kansa yana da makullinsa na ciki, kuma har yanzu wanda masu ƙera shi suka sa ne, kowa ya san shi. Duk wanda ya shigo da kod ɗin gida, in mugu ne, yana iya shiga ya juya komai, ya leƙa abin da ba nasa ba, ko ya yi ɓarna a waje a biyo sawu a ce daga gidan Muhuyi ta fito. Wannan ta ƙarshen ta taɓa tsohuwar, amma ba ta sauko ba.

Lasifikar masallaci ta fara gyaran murya. Husaina ta ji, ta san lokaci ya matso. Tana son ganin Hassana fiye da komai a duniya, kuma tana jin in ta rufe wa mutanen nan ƙofa ba za ta iya haɗa ido da randar ubanta ba. Ta zauna a bakin gado ta yi tagumi.

Adawiyya ta dube ta, ta sassauta murya. “Kaka, randar ƙofa, daga ita kike sha?”

“Wace irin tambaya ce wannan? Tawa tana ɗaki.”

“Mai wucewa yana shiga ɗakinki ya ɗiba?”

“Ya shiga ya ga yadda ake yi.”

“To boks ɗin ma yana yin randa biyu. Ɗaya ta gida, mai kod ɗin da daga ni sai ke. Ɗaya ta baƙi, da nata kod daban, ki ba duk wanda kika ga dama. Su sha daidai moɗa, ba su kwashe duka ba, kuma ba hanyar da za su bi su shigo ciki. Amma yau kam, har mu gama da Gabon, ta baƙin a rufe take.”

Husaina ta juya maganar a ranta. Can ta ce, “Ɗan abin nan ya san baƙo ya san ɗan gida?”

“In an gaya masa.”

“Ikon Allah.” Ta miƙe ta yafa mayafi. “To ba za a rufe musu ba sallama ba. Ni zan gaya musu da bakina.”

Ta fita har bakin randa, tana dafa bango saboda gwiwa. Ta yi musu sallama, ta ce su yi haƙuri, 'yar'uwarta ce ba lafiya a Gabon, tana son hanya ta zama tata ita kaɗai zuwa la'asar, bayan nan za a buɗe musu tasu. Waɗanda ba sa jin Hausa, Moumouni ya juya musu da Faransanci. Wani ɗan zem, ƙato mai tabo a goshi, ya cire hular kwanonsa ya sa wayarsa a aljihu ya ce, “Maman, pardon.” Mai shayi ya ɗaga hannu ya yi wa mara lafiya addu'a, aka shafa, har da waɗanda ba addininsu ba ne suka ce amin.

Kafin Moumouni ya tafi masallaci ya buga ƙusa a jikin ginshiƙin tsakiyar baranda, can sama, nesa da firji da kwanon rufi, inda akwatin zai riƙa kallon ƙofar kowane ɗaki. Adawiyya ta rataye shi, ta miƙar masa da ƙahoni, ta mayar da igiya. Ta canza makullin ciki, ta sa sabon kod mai tsawo, ta raba randa biyu, ta bar shi ya sabunta kansa. Husaina tana ƙasa riƙe da kallabin, tana kallonsa a sama tsirara, zuciyarta na ƙuna.

“Ko ɗan wannan ba za a yafa masa ba?”

“Ko zare ɗaya. Yana son iska.”

“Iskar nan ce fa za ta ci shi.”

“Ta ci, Kaka. In ta gama a kawo wani.”

Husaina ta ninke kallabin. Ta shiga ta yi salla, ta buɗe wata langar ta ciro atamfar da take ji da ita, ta sa kwalli, ta sa 'yan kunnen aurenta. Ta fito ta zauna a kan tabarma a baranda.

Ana saukowa daga masallaci waya ta yi ƙara. Adawiyya ta taɓa, ta miƙa mata.

Husaina ta duba, ta ɓata fuska. Wata tsohuwa ce a gilashin, tar da ita, har ana iya ganin furfurar da ta leƙo ta gefen kallabi. Ga faɗin goshin, ga 'yan tsagar nan a kumatu, ga ramin da ke ƙarƙashin ido. Ta miƙa wa jikarta wayar cikin fushi.

“Adawi, kin juya abin. Ni nake gani. Gyara mini, lokaci na tafiya.”

Adawiyya ta leƙa. Ta nuna wani ɗan lungu a saman gilashin, inda wata 'yar mitsitsiyar tsohuwa take da atamfa da 'yan kunne. “Ga ki nan, Kaka. Wannan babbar ita ce.”

Husaina ta sake duba. Sai yanzu ta lura babu 'yan kunne a wancan kunnen, kuma gefe ɗaya na bakin ya ɗan zubo ƙasa. Ita ta buɗe baki, wancan bakin bai buɗe ba. Amma idanun suna kanta, suna bin goshinta, da hancinta, da haɓarta, kamar yadda nata ke bin na can. Tsoro da murna suka rufe ta. Yarinyar da ta raka tashar jirgi da lalle a ƙafa, ga ta nan ta tsufa a wata ƙasa, kuma ta tsufa daidai yadda ita ta tsufa, layi bisa layi, ba wanda ya gaya wa wata.

“La'ilaha illallahu,” ta ce. “Hassana. Ashe gaskiya kike faɗa mini.”

Gefen bakin da ke da rai ya ɗaga kaɗan, wushiryar nan ta leƙo. Husaina ta fashe da dariya hawaye na zuba, ta shiga zuba labari ba kai ba gindi: gwiwarta, ruwan da ya shiga gida bara, randar Baba da har yanzu ba ta tsage ba, da yadda ta kusa dafa akwatin mutane a langa. Idanun suna amsawa, wallahi suna amsawa, suna ƙanƙancewa a inda ya kamata a yi dariya.

Can sai ta ga hannu ɗaya ya taso a hankali daga ƙarƙashin bargo, ya kama gefen wayar, yana jawowa. Fuskar ta matso, ta cika gilashin, ta wuce, komai ya yi duhu.

Adawiyya ta zabura ta dubi akwatin da ke jikin ginshiƙi. Fitilunsa duk suna kunne. “Arzika! Rezo ne ya yanke? Ba ma ganin komai!”

Muryar Arzika ta fito daga cikin duhun. “Bai yanke ba. Goshinta ta ɗora a kai.”

Husaina ta gane. Ta riƙe wayar da hannu biyu, ta sunkuyo, ta ɗora nata goshin a kan gilashin, ta rufe ido. Yana da ɗumi. Daga can, kusa ƙwarai, tana jin numfashin Hassana yana shiga yana fita.